Yadda ake bin jirgin kaya daga Bulangwa zuwa tsibiran Tafkin Chadi

Ɗan ƙanwata ya kira ni daga Marwa a watan jiya, wai an tura shi koyarwa can wajen Darak, wani gari a tsibiran Tafkin Chadi ta ɓangaren Kamaru. Tambayarsa biyu ce: ƙarfe nawa jirgin ruwa yake tashi daga Bulangwa, garin da ke bakin kogin Shari, kuma a ina ake yankar tikiti. Na ce masa, "Yaro, bari in gama dariya tukuna in kira ka." Ba laifinsa ba ne. Ya saba da manyan motocin Marwa zuwa Garwa, inda ake rubuta sunanka a ba ka lambar kujera. Abin da na gaya masa a daren nan shi zan maimaita, don na san ba shi kaɗai ne zai bi wannan hanya ba tare da ya taɓa taka jirgi ba.

Ni mutumin Kuseri ne, sana'ata sarin kifin banda. Na fara shiga tafkin a 2001 ina riƙe wa kawuna jaka. Lokacin Darak tana hannun Najeriya, kuma naira ce ke magana a kasuwa. Kotun Duniya ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002 cewa wurin na Kamaru ne, aka miƙa shi a Disamba 2003, tuta ta canza, amma jirgin da ke kai wa mutane gishiri da sukari bai canza hali ba ko kaɗan. Halinsa kuwa shi ne abu na farko da za ka sa a ranka: ba don kai aka ƙera shi ba. Buhu ne ya biya kuɗin mai, kai cikon lodi ne. Jirgi yana tashi in kaya sun cika, yana tsayawa inda ake da kayan saukewa, yana kwana inda kaya suka kwana. Duk wanda na ga ya wahala a tafiyar nan, to ya hau ne yana ji a ransa shi ne mai muhimmanci.

Ka fara da duba wata. Baƙo yakan ɗauka tafki yana cika ne a tsakiyar damina, alhali ba haka ba ne. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa kogin Shari ne ke kawowa, bayan ya haɗu da Logon a nan ƙofarmu, tsakanin Kuseri da Njamena. Ruwan da aka yi can kudu, har ƙasar Afirka ta Tsakiya, sai ya yi watanni yana tafe. Mu muna ganin cikar kogi wajen Oktoba zuwa Nuwamba, tafkin kuma yana ƙoshi daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da sama ta daɗe da ɗaukewa. Wannan shi ne lokacin da jirgi ke kai ka har bakin gari. Daga Mayu zuwa Yuli kuwa ruwa ya ja baya, sai a sauke ka nesa ka ƙarasa cikin taɓo da kayanka a ka. Tsofaffi suna ba da labarin shekarun 1960, sa'ad da faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000, kafin farin 1973 da na 1984 su cinye shi. Wurare da yawa da za ka ga ana noma masara yau, a da giwan ruwa ne ke yawo a kansu.

Kowane lokaci da nasa tsiyar. A hunturu akwai ruwa, amma iska takan tashi da hantsi, kuma da yake tafkin ba shi da zurfi, igiyar ruwansa gajera ce mai duka, tana watsa wa mutum ruwan sanyi a fuska. A damina hadari yakan taso daga gabas kafin ka gama naɗe tabarma. Ita kanta hanyar mota daga Kuseri ta Maltam da Makari baƙar laka ce, in ta sha ruwa sai babur, wani lokacin ma sai ƙafa. In zaɓi yana hannunka, ka je a Disamba, ka nemi jirgin da zai yi sammako.

Idan ka iso Bulangwa, kada ka tsaya wa mutumin farko da ya kama maka jaka. 'Yan kamasho suna da amfaninsu, amma aikinsu su cika jirgi ne, ba su zaɓa maka mai kyau ba. Ka je rumfar 'yan kasuwar da ke da lodi, ka yi sallama, ka ce kai baƙo ne, ka tambayi wanda buhunansa suka fi yawa wane jirgi ya ba amanar dukiyarsa. Mutumin da ya zuba jarinsa duka a cikin jirgi ya riga ya yi maka binciken da ba za ka iya yi ba. Ranakun kasuwa ne ke juya zirga-zirgar, don haka ka tambayi ranar da kasuwar garin da za ka take ci, jirage sukan tashi kwana ɗaya kafin ta ko da asubar ranar.

Sannan ka je ka kalli jirgin da idonka. Dogon kwale-kwalen katako ne, da injin Yamaha a baya, galibi mai doki 40. In ka ga inji biyu, ko ɗaya a ɗaure ɗaya a kwance a ajiye, hankalinka ya kwanta kashi ɗaya. Abu biyu nake dubawa. Na farko yaron jirgi: in jirgi yana ɗaure a bakin ruwa, ba iska ba komai, amma yaron bai ajiye yankakkiyar jarkar da yake kwashe ruwa da ita ba, to jirgin nan yoyo yake yi, kuma cikin tafki zai ninka. Kowane jirgin katako yana ɗan tsatsa, wannan ba komai, kwasar da ba hutu ce abin gudu. Na biyu, bayan an gama lodi, ka sa hannunka ka auna daga bakin katako zuwa ruwa. In bai kai taƙi biyu ba, ni dai sauka nake yi, ko na biya. Na taɓa yin haka wani ɗan kamasho ya bi ni yana cewa, "Haba Alhaji, ba ka yarda da Allah ba ne?" Na ce na yarda da Shi, Shi ne ma Ya ba ni hannun da na auna.

Direba ma ka kalle shi. Ni na fi son mai furfura, kuma in ɗan ƙabilar Buduma ne ko Kotoko da ya tashi a kan ruwan nan, ba na ƙara tambaya. Hanyar tafki ba ta da alama, ciyawa ce hagu ciyawa ce dama, kuma hanyar bara ba lallai ita ce ta bana ba.

Ciniki kafin ka sa ƙafa, ba bayan an tashi ba. Kuɗinka daban, kuɗin kayanka daban, ka tabbatar an faɗi duka biyun a gaban mutane. Ka saurari abin da 'yar tsohuwar da ke gefenka ta biya, shi ne farashi. Ka riƙe sefa, ka ɗan riƙe naira ma don har yanzu tana yawo a tsibirai, kuma ka canza manyan takardu tun a tudu. A cikin ruwa babu mai canji, kuma duk wanda ya ce zai ba ka in an isa, ya manta kafin a isa.

Yanzu zama. Nan ne gwaninta take, kuma nan ne baƙo ke cin wuya. Ana fara shimfiɗa itace ko katako a ƙasa don kada kaya su taɓa ruwan da ke taruwa. Sai a jera masu nauyi: gishiri, sukari, shinkafa, fulawa, katan-katan na sabulu. Jarkokin man fetur, wanda muke kira zuwa-zuwa, suna can baya kusa da inji. A sama sai komar kamun kifi, kwanon rufi, ɗaurin kwalaye da za a zubo banda a ciki, wani lokacin babur a kwance da awaki biyu a ɗaure. Bayan duk wannan ne ake cewa mutane su hau. Kada ka zauna can gaba, kai za ka sha duk ruwan da iska ta kwaso. Kada ka zauna can baya, ƙarar inji za ta kwana a kunnenka, ga warin mai. Kada ka sa ƙafarka a ramin da yaron jirgi ke kwasa, za ka wuni kana ɗagawa kana saukewa. Ka nemi tsakiya, ɗan baya kaɗan, kan buhun gero ko shinkafa, ka motsa jikinka har buhun ya yi maka gurbi. Gishiri yana jan danshi, za ka tashi da jiƙaƙƙen wando. Fulawa kuma mai ita zai yi ta harararka.

Ka shinshina buhu kafin ka zauna. A tafiyata ta biyu na ga wani buhu mai laushi ba kowa a kai, ina mamakin yadda mutane suka bar shi. Na haye, na miƙe ƙafa, har ina tausaya wa na gefena. Da rana ta ɗaga, gumi ya sauko, sai na fara jin wani abu yana tsikarata ta ƙasa. Barkono ne. Babu wurin komawa, jirgi ya cika maƙil, ga mata a gabana ba damar sosawa. Wani dattijo da ya yi awa biyu yana kallona ya miƙo mini buzun sallarsa, ya ce, "Ɗana, shimfiɗa wannan. Mu ma an yi mana." Kawuna bai ce uffan ba sai da muka sauka, sannan ya ba duk kasuwa labari.

A dawowa kuma doka ɗaya ce: ba a zama kan kwalin banda. Kifin ya bushe ƙayau, in ka danne shi ya zama gari, kuma kai za ka biya. Duk inda ka zauna, in kana shan taba ka haƙura har a sauka. Jirgin da ke ɗauke da zuwa-zuwa ba wurin ƙyasta ashana ba ne, kuma in ka ga wani zai kunna, kana da ikon yi masa magana ko da ya haife ka.

Guzuri ba shi da yawa. Katin shaidarka da takardar aikinka da waya, ka sa su a leda biyu ka ƙulle, su zauna a aljihun ciki, ba a jaka ba, don jakarka za ta iya shigewa ƙarƙashin buhu talatin. Jarkar ruwan sha daga gida. Ruwan tafkin ba shi da gishiri, mutanen wurin suna sha, amma cikin baƙo ba nasu ba ne, kuma kwalara ta sha ziyartar yankin nan. Malafa ko rawani, rigar sanyi ko da a bazara ne, babbar leda da za ka lulluɓa, tocila, takalmin roba mai ɗauri, da gidan sauro. Kada ka manta da gidan sauro. Abinci ka ɗauki na kwana biyu ko da an ce maka tafiyar wuni ce: dabino, ƙuli-ƙuli, garin rogo da sukari, burodi. Ka ɗauki fiye da cikinka, saboda a jirgi ba a ci a ɓoye. Rigar ruwa, wadda ke hana nutsewa, ka saya taka in ka samu a Kuseri ko Njamena, kada ka ji kunyar sa ta. In ba ka samu ba, jarka fanko mai murfi mai kyau, da igiya a hannunta, ka ajiye ta inda hannunka zai kai.

Akwai maganar da ba a cika yi ba, amma dole in yi. Jirgi ba shi da bayan gida. Maza suna da dabara, mata kuwa sai haƙuri har a tsaya. Matata ta bi ni sau ɗaya, tun daga ranar take gaya wa duk mai zuwa ta rage shan shayi da safen tafiya, ta kuma ɗauki zane na biyu babba. Salla ba ta da wuya, ruwan alwala yana gefenka, sai dai ka ɗiba da buta maimakon ka sunkuya, don mutum uku in suka sunkuya gefe ɗaya lokaci guda jirgi yana ji.

Da an bar bakin Shari aka shiga ciyawa, tafiya ta zama ta kunkuru. Hanya siririya ce, wani wurin ciyawar tana shafar kafaɗarka. Kowane ɗan lokaci inji zai canza murya, direba ya kashe, ya ɗaga shi, ya sa hannu ya warware ciyawar da ta naɗe farfela. In ruwa ya yi ƙasa, yara su ɗauki gora su yi ta turawa. In gora ta gaza, za ka ji an ce, "Maza a sauka." Wannan har da kai, malamin makaranta ne kai ko alhaji. Ka tuɓe babbar riga, ka bar takalmin robarka a ƙafa, ka riƙe bakin jirgi kada ka sake shi, don ƙasan ba daidai take ba, taku ɗaya ruwa a gwiwa, na gaba a ƙirji. In ka hau, ka duba ƙafafunka ko matsattsaku ya kama. Ka goge jikinka ya bushe nan take. In bayan makonni ka ga jini a fitsari, tsargiya ce, ka je asibiti, maganinta sananne ne, ba sai an tsaya jiƙe-jiƙe ba.

Dorina kuwa, in direba ya rage wuta ya yi kwana mai faɗi ba tare da ya ce komai ba, kai ma kada ka ce komai, kada ka miƙe tsaye da waya. Abin ɗaukar hoto shi ne shanun Buduma, farare masu kumburarrun ƙaho, in suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, hanci da ƙaho kaɗai a sama.

Ciyawar tafkin nan tafiya take yi. Gungu-gungu ne a kan ruwa, wani ya fi fili na ƙwallo, iska tana tura su. Wata shekara, a hunturu, mun taso da banda, hanyar da muka shiga da ita kwana uku da suka wuce muka tarar ta rufe ruf, kamar ba a taɓa bi ba. Direba ya gwada nan, ya gwada can, yara suka sare da adda har hannunsu ya yi jini, magariba ta yi. Ya kashe inji ya ce, "Jama'a, sai Allah Ya kai mu." Shiru ya sauka, sannan sauro ya sauka. Ban taɓa jin irinsa ba, ƙararsa kamar ana kaɗa garaya a cikin kunne. Mu huɗu muka shige gidan saurona, muka kafa shi da gora biyu a tsakanin kwalaye. Wata tsohuwa 'yar Gite da ke kan hanyar zuwa suna ta kwance ƙullin dambun kifi ta bi kowa da shi, ta zo kaina ta ce, "Ungo, Malam, kai ne ka ba jikana wuri." Direba bai runtsa ba, yana zaune yana jiƙa yatsa yana ɗagawa sama. Can wajen asuba iska ta juya, muka ji ciyawa tana ƙara kamar ana jan tabarma, gari na wayewa ga hanya a buɗe. Abin da ya sa na ce abincin kwana biyu ke nan.

Tsayawa a ƙauyuka ita ce daɗin tafiyar, ita ce kuma tarkonta. Jirgi yana dosowa gari duka ya fito, yara su faɗo ruwa, mata da faranti a ka, soyayyar tarwaɗa da karfasa da zafinta. Za ka ji Hausa da Barbarci da Larabcin Shuwa da Faransanci a wuri ɗaya, har da masunta 'yan Mali. Ka sauka ka miƙe ƙafa, ka ci kifi, amma kada ka tambayi direba minti nawa za a yi, zai ce maka yanzu-yanzu, ko awa uku ce ko minti biyar. Ka ƙirga buhunan da ake saukewa, su ne agogonka. Ni an taɓa bari na a Kofiya. Na ga lodi da yawa a bakin ruwa na ɗauka duk namu ne, na shiga gari gaida wani maigidana, aka kawo shayi, aka kawo na biyu. Na fito sai bayan jirgi na hango, da jakata a ciki. Kwana biyu na yi da riga ɗaya. Jakar dai na same ta a Darak ba abin da ya taɓa ta, yaron jirgi ya ajiye mini, ya kuma caje ni kuɗin ajiya. Tun daga nan, in zan sauka sai na gaya wa maƙwabcin zamana, in ce kada a tashi ba ni.

Maganar tsaro ba ta wasa ba ce. Tun da rikicin Boko Haram ya shigo tafkin, musamman bayan kisan da suka yi a garin Baga na Najeriya a Janairu 2015, tafiyar ta sauya. Ita kanta Darak an kai mata mummunan hari a Yuni 2019. Akwai hanyoyin da aka daina bi, akwai lokutan da hukuma ke rufe ruwa gaba ɗaya, ba a tafiyar dare, kuma ana sa ido sosai a kan mai da kayan abinci. Kafin ka bar Kuseri ka kira wanda yake can ka ji halin da ake ciki a makon nan, ba a watan jiya ba. A shingen sojoji ka cire tabarau, ka fito da katinka kafin a tambaya, ka amsa abin da aka tambaye ka kawai. Kada ka ɗauki hoton shinge ko jirgin soja. Kada ka karɓi saƙon da ba ka ga cikinsa ba, ko wa ya ba ka. A cikin jirgi kuma ka rage tambayar mutane daga ina, zuwa ina, kuma kai ma ba kowa ne zai san abin da ke aljihunka ba. In direba ya ce yau ba za a bi ta can ba, ba a gardama.

In ka isa, kafin ka nemi wurin kwana ka nemi mai jirgin ka tambaye shi ranar komawa, ka karɓi lambarsa. Waya takan kama layin Chadi ta saki na Kamaru, don haka ka gaya wa mutanen gida kada su tayar da hankali in sun ji ka shiru. Baƙo a can yana sauka ne a hannun fatoma, maigidan da ke ba 'yan kasuwa masauki yana haɗa su da masu kaya, shi zai kai ka ka gaida bulama.

Ɗan ƙanwar tawa ya kira ni shekaranjiya da wata lamba da ban sani ba. Ya isa lafiya, sun tura jirgi sau biyu, ya zauna kan shinkafa. Ya ce, "Kawu, don Allah in akwai mai zuwa a aiko mini da gidan sauro." Yana nan a ɗakina inda ya bar shi, a kan kujera, cikin ledarsa. Jibi zan ba wani direba ya kai masa.